Tarihin Pio del Rio Hortega, Likitan Da Ya Gano Dogaran Ƙwaƙwalwa

Duk mutumin da ya yi wayo a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san irin fargabar da kan sauko wa iyaye idan hunturu ya ja jiki, bazara ta kawo kai, iska ta bushe, ɗakuna suka ɗauki zafi. A wannan lokaci ne sanƙarau yakan kewayo. Yaro ya kwana lafiya lau, ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kafin la'asar wuyansa ya sandare, ba ya iya sunkuyar da kai. A annobar shekarar 1996, wadda Jihar Kano tana cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna, mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Amma akwai wani lissafi da ba a cika yi ba, watau na waɗanda suka tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau irin na ƙwayar bakteriya, ɗaya yakan tashi da tabo na dindindin, ko kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin hannu da ƙafa, ko kuwa yaro mai kaifin basira ya koma ba ya riƙe karatu.

To, in an yi allura, magani ya kashe ƙwayar cuta, mene ne ya yi wannan ɓarna? Likitocin yau sun tabbatar da cewa kaso mai yawa na ɓarnar daga faɗan ne kansa take fitowa, watau daga kumburin da jiki yake tayarwa a cikin kai domin ya kare kansa. Ƙwaƙwalwa tana da dogaranta waɗanda ke zaune a cikinta tun mutum yana ciki, kuma wanda ya fara ganinsu sosai, ya zana siffarsu, ya faɗi aikinsu, wani likita ne na ƙasar Sifen mai suna Pio del Rio Hortega. Da wuya a ce ya taɓa jin sunan Gaya, amma abin da ya gani a madubinsa ya shafi kowane gida da sanƙarau ya taɓa shiga.

An haifi Hortega ran 5 ga watan Mayu, 1882, a wani ƙaramin gari na manoma da ake kira Portillo, kusa da birnin Valladolid. Ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Valladolid a 1899, ya gama a 1905. Tun yana ɗalibi malaminsa Leopoldo Lopez Garcia ya ja shi a jika, ya koya masa duban naman jikin mutum ta madubin likita, wanda ke kambama abin da ido ba ya gani. Har ila yau ya koyi zane, kuma wannan ya amfane shi ƙwarai daga baya, gama a zamanin nan mai bincike da hannunsa yake zana abin da ya gani. Ya ɗan yi aikin likita a garinsu, amma zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Mutum ne siriri, mai kunya, mai tsabtar tufafi, wanda magana kaɗan kan sosa masa rai, ya fi sakewa gaban madubi da gaban jama'a.

A 1912 ya tafi Madrid, babban birnin ƙasar, da nufin ya zauna gaban Santiago Ramon y Cajal, wanda ake furta sunansa Kahal. Shi Kahal a lokacin babu kamarsa a duniya wajen sanin ginin ƙwaƙwalwa, ya riga ya sami lambar Nobel a 1906, mutanen Sifen kuwa suna ɗaukarsa kamar wani sarki. Baƙon bai sami sakin fuska sosai a ɗakin binciken Kahal ba, sai ya koma wajen wani matashin likita, Nicolas Achucarro, wanda ya yi karatu a Jamus gaban Alois Alzheimer. Achucarro ya daɗe yana nazarin wasu ƙwayoyin halitta masu siffar sanda da ake gani a ƙwaƙwalwar dabbar da ciwon haukan kare ya kama, kuma shi ne ya ɗora Hortega a kan hanyar da ya bi har ƙarshen ransa. An ba shi kuɗin ƙaro ilmi ya zaga Faris da Balin da Landan, Yaƙin Duniya na Farko ya katse masa tafiyar, ya komo gida.

Marinin ƙwaƙwalwa

Kafin mai karatu ya gane abin da Hortega ya yi, sai ya san matsalar da ke gaban masana a wancan zamani. Idan aka yanki ƙwaƙwalwa siriri aka sa a madubi, ba a ganin komai sai fari fat, kamar farin ƙyalle. Dole sai an rina ta, kuma kowane rini da irin ƙwayoyin da yake kamawa. Saboda haka binciken ƙwaƙwalwa a lokacin aikin marina ne sosai, kuma wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi a Ƙofar Mata ya ga yadda marini ke auna baba da toka da katsi, ya san ranar da rini ya nuna, zai fahimci irin haƙurin da abin ke bukata.

Da irin wannan rini aka san jinsi biyu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na farko su ne ƙwayoyin jijiya, masu ɗaukar saƙo. Na biyu su ne wasu masu siffar tauraro, waɗanda Kahal ya fito da su sarai a 1913 da wani rini na zinariya da ya haɗa. Amma sai ga waɗansu ƙanana birjik a tsakani waɗanda rinin ya ƙi kamawa, ba a ganin komai nasu sai ɗigon tsakiyarsu. Kahal ya ɗauka ba su da rassa, ya kira su jinsi na uku, ya bar maganar a nan.

Achucarro ya rasu a 1918 yana da shekara 37, aka danƙa wa Hortega ɗakin bincikensa. A wannan shekara ce ya bayyana wani sabon rini da ya haɗa na azurfa, wanda ake narkarwa da ruwan amoniya. Sirrin abin yana ga lokaci: kwana nawa naman ya yi a jiƙe cikin ruwan da ke hana shi ruɓewa, minti nawa ya yi cikin azurfa, da irin ɗumin da aka ba shi. In an ƙara ko an rage kaɗan, rinin ba ya kamawa. Da ya daidaita shi, sai jinsin nan na uku ya bayyana, ashe suna da rassa, kuma ashe ba iri ɗaya ba ne, iri biyu ne mabambanta.

A 1919 ya buga maƙaloli huɗu a mujallar Ƙungiyar Nazarin Halittu ta Sifen a kan iri na farko, waɗanda ya raɗa wa suna maikurogiliya. Abin da ya faɗa a cikinsu shi ne gadonsa. Ya nuna cewa a ƙwaƙwalwa mai lafiya waɗannan ƙwayoyi suna warwatse ko'ina, ƙananan jiki, da rassa sirara masu ƙayoyi, kowace tana tsare da unguwarta ba ta shiga ta wata. Ya nuna cewa idan rauni ya samu, ko cuta ta shiga, sai su janye rassansu, su kumbura, su yi tattaki zuwa wurin, su haɗiye matattun ƙwayoyi da jinin da ya zuba, har su cika su zama kamar buhu. Da haka ya warware wani tsohon ruɗani, domin ƙwayoyin nan masu siffar sanda da Franz Nissl ya gani a 1899 a ƙwaƙwalwar masu tunjere, da waɗansu masu kama da buhun tsaba da aka daɗe ana gani inda ƙwaƙwalwa ta lalace, duk abu ɗaya ne ya sāke kama. Sa'an nan ya faɗi maganar da ta fi kowace nauyi, cewa asalinsu ba ɗaya ba ne da na sauran ƙwayoyin ƙwaƙwalwa: dangin ƙwayoyin nan ne masu cinye ƙazanta a sauran jiki, daga waje suke shigowa su zauna tun halitta tana ɗanya. Ya ga cincirindonsu a ƙwaƙwalwar jariran dabbobi, suna kwararowa daga wasu wurare kusa da tantanin da ya lulluɓe ta.

Iri na biyu ya bayyana su filla-filla a 1921, ya kira su oligodendurogiliya, watau masu 'yan rassa kaɗan. A 1928 ya kawo hujjar cewa su ne ke da alhakin rufin kitsen nan da ke naɗe da zaren jijiya, kamar yadda roba ke naɗe da wayar lantarki. Wannan ma daga baya aka tabbatar da ita da madubi mai aiki da lantarki.

Saɓani da Kahal

Ɗakin binciken Hortega da na Kahal gini ɗaya suke, ɗakin karatu ɗaya, ma'aikata ɗaya. Zama wuri ɗaya kuwa tsautsayi ne in akwai masu kai gulma. An yi ta samun 'yan ƙananan rigingimu tsakanin Hortega da wani tsohon mai hidima na Kahal, wasu almajiran babban malamin kuma ba su ji daɗin yadda sunan baƙon nan yake tashi ba. A kan wannan sai ga batun jinsi na uku, inda almajiri ya nuna cewa malam bai gani daidai ba. A 1920 Kahal ya buga maƙala inda ya karkata ga cewa wani likitan Sikotilan, William Ford Robertson, ya riga ya ga waɗannan ƙwayoyi tun wajen 1900. A watan Oktoba na wannan shekara ya aika wa Hortega takarda, ya sallame shi daga ginin.

A ganina an fi kyautata wa Kahal a wannan labari fiye da yadda ya kamata. Gaskiya ne dattijo ne mai shekara 68, an kuma cika masa kunne, gaskiya ne kuma bai hana a ba Hortega wani wuri ba. Amma korar mutum a shekarar da ta biyo bayan babban aikinsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma Hortega ya yi jinyar abin a zuci har ya mutu. Duk da haka bai daina kiran Kahal malaminsa ba. Game da Robertson kuwa, da aka sāke duba gilasan da ya rina, sai aka tarar yawancin abin da ya gani iri na biyu ne, ba dogaran ba.

Hukumar da ke kula da ƙaro ilmi ta buɗe masa ɗan ƙaramin ɗaki a wani gidan kwanan ɗalibai na Madrid, tebura a matse, almajirai kafaɗa da kafaɗa. Wannan ɗan ɗaki ne ya zama zangon masana daga ƙasashe. A 1924 wasu Jamusawa biyu, Metz da Spatz, suka gwada rininsa, suka gaskata shi, suka sa wa ƙwayoyin suna ƙwayoyin Hortega. A wannan shekara kuma wani matashin likitan fiɗa daga Amurka, Wilder Penfield, ya zo ya yi watanni yana koyo a gabansa, domin yana son ya san dalilin da ya sa tabon rauni a ƙwaƙwalwa kan jawo farfaɗiya. Su biyu suka buga sakamakon bincikensu a kan tabon ƙwaƙwalwa a 1927. Penfield shi ne ya kafa babbar cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa ta Montreal a Kanada a 1934, shi ne kuma ya shigar da aikin Hortega cikin Ingilishi, a babban littafin da ya tattara a 1932. An gabatar da sunan Hortega domin lambar Nobel a 1929 da 1937, bai samu ba.

Daga 1928 ya mai da hankali ga ciwon daji, ya zama shugaban Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Madrid, ya yi amfani da rininsa wajen rarrabe ire-iren ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa bisa ga irin ƙwayar da kowanne ya tsiro daga gare ta.

Gudun hijira

A watan Yuli na 1936 yaƙin basasa ya ɓarke a Sifen. Hortega ya tsaya a bayan gwamnatin jamhuriya, bai ɓoye ba. Cibiyarsa ta faɗa daidai bakin dāga a gefen Madrid, ya shiga cikin hatsari ya kwaso sinadarin radiyam da ake ƙona ciwon daji da shi, da abin da ya iya ɗauka na gilasan bincikensa. Daga nan ya tafi Valencia, a 1937 ya wuce Faris ya yi aiki da likitan fiɗa Clovis Vincent, sa'an nan Hugh Cairns ya gayyace shi Oksfod a Ingila, inda jami'ar ta ba shi digirin girmamawa a 1939. A wannan shekara Janar Franco ya ci yaƙi, gwamnatinsa ta tuɓe Hortega daga dukan muƙamansa. Zaman Ingila bai yi masa daɗi ba, ga sanyi, ga harshen da bai iya sosai ba, ga kuma wani sabon yaƙi ya taso. A 1940 ya shiga jirgin ruwa zuwa Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, inda ya taɓa zuwa koyarwa a 1925. Mutanen Sifen mazauna can suka buɗe masa ɗakin bincike, aka sa wa ɗakin sunan Kahal, wanda ya riga ya rasu tun 1934. Ya tara sababbin almajirai, ya kafa mujalla. Ciwon daji ya kama shi, shi da kansa ya duba naman a madubi ya gane abin da ke jikinsa. Ya mutu ran 1 ga watan Yuni, 1945, yana da shekara 63.

Bayan mutuwarsa sai dogaran nasa suka shiga wani dogon zamani na rashin kulawa. Rininsa mai wuyar sha'ani ne, ba kowane hannu yake yi wa biyayya ba. Ban da haka, a 1948 Peter Medawar na Ingila ya nuna cewa fatar da aka dasa cikin ƙwaƙwalwar zomo ba a kore ta da sauri yadda ake korar ta a sauran jiki, sai ra'ayi ya kafu cewa garkuwar jiki ba ta da hurumi a cikin kai. Har cikin shekarun 1970 akwai masanan da ke musun maganar Hortega a kan asalin ƙwayoyin.

Gaskiyarsa ta fito a hankali. A 1985, a Oksfod ɗin nan da ya yi zaman baƙunci, Hugh Perry da David Hume da Siamon Gordon suka nuna cewa maikurogiliya suna ɗauke da tambari iri ɗaya da na ƙwayoyin da ke cinye ƙazanta a sauran jiki. A 2005 ƙungiyoyi biyu na masana, ɗaya a Jamus ɗaya a Amurka, suka leƙa ƙwaƙwalwar ɓera mai rai da wani sabon madubi, suka ga rassan nan ba sa hutawa ko kaɗan, kullum suna miƙewa suna janyewa suna laluben abin da ke kewaye da su, kuma in an yi ɗan rauni, cikin mintoci sun kewaye wurin. Abin da Hortega ya fahimta daga matattun gilasai, sai ga shi ana kallo yana motsi. A 2010 Florent Ginhoux da abokan aikinsa suka bi sawun ƙwayoyin a jikin ɓera, suka tarar daga jakar gwaiduwar ɗan tayi suke tasowa, su shiga ƙwaƙwalwa tun ba ta gama ginuwa ba. Watau daga waje suke, kamar yadda ya ce shekara 91 kafin nan, sai dai shigarsu ta riga lokacin da ya zata. Daga baya an gano suna sassabe mahaɗan jijiyoyin da suka yi yawa a ƙwaƙwalwar jariri, a 2013 kuma aka gano cewa tangarɗa a wani ƙwayar gado da ke aiki a cikinsu tana ƙara hatsarin cutar mantuwa ta tsufa, wadda ke ɗauke da sunan Alzheimer, malamin malaminsa. An kuma san cewa ƙwayar cutar ƙanjamau a cikinsu take ɓuya idan ta shiga kai.

Mu komo ga sanƙarau. Ƙwayar cutar takan bi jini ta isa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Dogaran ƙwaƙwalwa da 'yan'uwansu da ke gadin tantanin su ne kan fara jin ƙanshinta, sai su saki sinadaran gangami, fararen ƙwayoyin jini su kwararo, jijiyoyin jini su fara yoyo, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa. Gubar da aka saki domin abokan gaba ba ta bambance su da ƙwayoyin jijiya, in kuma kumburin ya gangara cikin kunne, ji ya tafi ke nan. Ko bayan allura ta farfasa ƙwayoyin cutar, ɓaraguzansu kan ƙara hura wutar na ɗan lokaci. Saboda wannan ne yinin da aka ɓata a gida ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi yake da tsada ƙwarai, gama kowace sa'a ƙwayar tana ninkuwa, kuma gwargwadon yawanta gwargwadon girman faɗan da za a yi a kan yaro.

Da aka gane haka sai likitoci suka gwada haɗa maganin kashe ƙwayar da wani mai kwantar da kumburi, deksametazon. A wani babban gwaji da aka yi a Turai aka buga a 2002, ya rage mutuwa da nakasa ga manya. Amma gwaje-gwaje biyu da aka yi a Malawi, na yara a 2002 da na manya a 2007, ba su nuna wannan amfani ba, kuma cikin dalilan da masana suka kawo akwai isowa asibiti a makare da yawan masu ƙanjamau cikin majinyatan. Yadda za a rarrashi dogaran ba tare da an ɗaure musu hannu ba, har yanzu ana kan nemansa. Abin da ya yi aiki a ƙasashenmu shi ne hana faɗan tun bai tashi ba: allurar rigakafin sanƙarau nau'in A da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, ta kusan shafe wannan nau'i. Nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar.

Shi kuwa Hortega, gawarsa ta yi shekara 41 a Buenos Aires. Sai a 1986, bayan Franco ya daɗe da mutuwa, aka ɗauko ƙasusuwansa aka binne su a Valladolid, a hubbaren manyan mutanen birnin. A wannan shekara kuma aka buga littafin da ya rubuta a kan zamansa da Kahal, wanda bai fitar ba yana da rai. Ɗaya daga cikin manyan asibitocin koyarwa na Valladolid yana ɗauke da sunansa, tsohon sansanin dutse na Portillo kuwa, wanda ya gada daga mahaifinsa, ya bar shi wasiyya ga jami'ar da ta koya masa duban madubi.